Kekuna Uku a Gaban Jirgi

Tun Jyväskylä ba ta gama farkawa ba
Baba ya durƙusa a kan raɓa,
kansa a ƙarƙashin amalanken jirgi,
yana yi wa ƙarfe magana kamar mai lallashin yaro.
Bas ɗinmu fara ce, ba ta da tagar baya,
cikinta kuwa ya ƙoshi har wuya:
barguna, tukunyar gas, dankali buhu guda,
ga kare, ga Sohvi da tulin littattafanta.
Kekuna ne suka rasa masauki.

"A wuyan amalanke za su hau," in ji shi,
"tsakanin hancin jirgi da ƙugiyar mota."
Veikko maƙwabci ya leƙo ta kan shinge,
kofi a hannu, shawara a baki:
wai nauyi zai taru a gaba,
wai a kwanar farko mai kaifi
feda za ta sumbaci ƙofar bas.
Baba ya ce to.
Baba bai canja komai ba.

Nawa ya fara ɗaurewa, sannan na Sohvi,
ya cusa tsohuwar safa inda ƙarfe ke cizon ƙarfe.
Na uku shi ne koren nan mai kwando,
wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa tun bara.
Na ce, "Ai Mama ba ta cikin tafiyar."
Ya ce, "Juma'a za ta biyo jirgin ƙasa,"
ya ja igiya har jijiyar wuyansa ta miƙe.
Bara ma haka ya ce.
Na haɗiye wannan da yawu.

Muka ɗau hanyar Saimaa.
Bai wuce tamanin ba, ko da wasa.
Manyan motocin katako na wuce mu,
iskarsu na girgiza jirgi, jirgi na girgiza mu.
Ba ma ganin kekunan.
Madubin gefe jirgi kawai yake nunawa
da dajin da muka bari a baya.
Amma duk ramin da taya ta faɗa
sai ƙararrawar koren ta ce ƙil,
siririya, kamar cokali a bakin kofi.
Sohvi ta daina juya shafi.
Baba ya rage rediyo, wai yana sauraron injin.

Sau uku muka tsaya.
Ya zagaya, ya taɓa kowane ƙulli,
ya latsa sirdin koren da tafin hannu
ya daɗe fiye da yadda ƙulli ke bukata.

Da yamma, rana ta ƙi faɗuwa kamar yadda ta saba a Yuli,
muka iso gangaren simintin bakin tafki.
Ya koma da baya, ina ɗaga masa hannu,
hagu kaɗan, dama, zo, zo, tsaya!
Ruwa ya shanye tayoyin amalanke.
Sai ga shi marikin sakin jirgi ya ƙi juyawa,
kekuna uku sun tsare masa hanya.
Veikko bai hango wannan ba, mu ma haka.

Baba ya naɗe wando ya shiga,
sanyi ya kama shi har gwiwa,
yana kwance abin da ya ɗaure da asuba,
yana dariya, yana zagin kansa,
sauro na cin rabonsu a ƙeyarsa.
Ya miƙo mini nawa, ya miƙo na Sohvi.
Koren kuwa a kafaɗa ya ɗauko shi,
tayar baya na ɗigar da tafki.

Yanzu yana jingine a jikin ɗakin katako,
an hura masa iska, an goge sarƙa.
Tasha kilomita tara ce daga nan.
Yau Laraba.
Ɗazu da na wuce zan ɗebo itace
na sa ɗan yatsa na kaɗa ƙararrawar,
sai na ga Baba, can a kan ruwa,
ya saki ƙugiya ya waiwayo.